Danshi a gindin bango: bayanan aikin gyaran tsohon gidanmu a Argungu

18 ga Agusta, 2024

Na fara rubuta waɗannan bayanai ne domin 'yan'uwana da ke nesa su riƙa sanin inda aikin gidan gado ya kwana, kuma domin mai tsohon gida irin namu ya ga hanyar da muka bi. Gidan yana cikin tsohon garin Argungu, a ɓangaren da ƙasa ke gangarawa zuwa fadama, kuma kakanmu ne ya gina shi da tubali da jar ƙasa. Kaurin bangon waje a gindi ya kai santimita 60, yana sirancewa yayin da yake hawa sama. Zaure da ɗakin Inna har yanzu soro ne a kan azara, sauran ɗakunan kuwa an daɗe da sauke rufinsu na ƙasa an buga musu kwano. A shekarun 1990 iyayenmu suka sa aka yi wa bangon waje filastar siminti daga ƙasa har sama, da niyyar hutar da gida daga yaɓen kowace shekara, kuma a lokacin kusan duk mai hali a unguwar haka ya yi.

Bango uku ne ke damunmu, kuma ciwon nasu ba iri ɗaya ba ne. A bangon gabas, wato na ɗakin Inna, tabon danshin daga sama yake farawa, daidai ƙarƙashin indararo, ya sauko yana faɗaɗa, kuma yana ƙara duhu duk ranar da aka kwana ana ruwa. A bangon kudu, wanda ya bi lungu daga zaure zuwa ɗakin baƙi, danshin daga ƙasa ya taso ya tsaya a kan wani layi mai lanƙwasa da ya kusa kai ƙugun mutum, a bakin layin kuma akwai wani farin gari, fentin ciki yana ta ɓamɓarewa. Bangon arewa, wanda ya haɗa da makewayi, tabonsa wuri ɗaya ne kuma bai fi mita ɗaya ba, amma ya yi baƙi da fumfuna, kuma Inna ta ce ko da rani ba ya bushewa.

Shawarwari sun yi yawa. Wasu sun ce a sake filasta da siminti mai ƙarfi a zuba masa maganin hana ruwa, wasu sun ce a manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu, wasu kuma sun ce a rushe a yi na bulo a huta. Na roƙi dangi su bar mini ragowar wannan damina in kalli bangon kawai, domin duk shawarwarin nan tabo suke rufewa, babu wadda ta tambayi inda ruwan yake fitowa, kuma Agusta, watan da ruwa ya fi sauka a ƙasar Kabi, shi ne lokacin da za a kama shi yana shiga. Yau na zagaye kowane tabo da gawayi, na rubuta kwanan wata a gefensa.

25 ga Agusta, 2024

Da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska a gaba ruwa a baya, yadda ya saba a wannan yanki, kuma wannan ne dalilin da ya sa bangon gabas ya fi kowane bango shan duka a garuruwanmu. Na fita na zagaya gidan ana tsakar ruwa.

Indararon ɗakin Inna guntun kwano ne da aka naɗe, gajere, kuma tsatsa ta cinye shi daidai inda ya shiga rawanin soro. Rabin ruwan yana tsalle ya faɗi can gaba, rabin kuma yana komawa ta ƙarƙashinsa ya bi jikin bango. Na bi wannan ruwa da ido yana gangarowa har ya iso wata tsaga a filasta wadda ko farce ba zai shige ta ba, sai na ga ƙasa da tsagar ruwan ya ragu sosai. Abin da ya ragu ɗin bai tafi ko'ina ba, bayan filasta ya shiga.

Na lungu ya fi tayar mini da hankali. Bakin kwanon ɗakin baƙi bai fito daga bango fiye da taƙi ɗaya ba, saboda haka duk ruwan rufin a gindin bango yake zuba, yana fantsama da laka har gwiwa. Lungun kansa ya zama rafi. Shekara da shekaru maƙwabta suna zuba ƙasa da ɓaraguzai kowa yana ɗaga ƙofarsa, musamman tun ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan ta tsorata kowa, har lungun ya hau. Wuriyar da ya kamata ta fitar da ruwan tsakar gida zuwa waje yanzu tana ƙasa da lungu, don haka maimakon ta fitar, shigo da shi take yi. Da na leƙa bayan sallar asuba ruwan yana nan kwance a gindin bango.

8 ga Satumba, 2024

Gwaji uku na yi a makon nan, dukkansu da kayan da ke cikin gida.

Na farko shi ne na leda. Na yanka leda mai haske na manna a kan kowane tabo daga cikin ɗaki, na like gefunanta huɗu da salatif, na bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a fuskar ledar da ke kallon ɗaki, to danshin iskar ɗakin ne ke sauka a bango mai sanyi, maganinsa kuma buɗe taga ne. Idan kuwa ta taru a fuskar da ke manne da bango, ruwan daga cikin bangon yake. A bango ukun duka raɓar a fuskar da ke manne da bango ta taru. Fumfunar da ke bayan akwatuna a ɗakin baƙi ita kaɗai na ɗora wa rashin iska, domin ɗakin a rufe yake wata da watanni.

Na biyu, na bi filastar waje ina ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Inda take manne da ƙasa sautin a dunƙule yake, inda ta rabu kuwa sai ka ji amo na rami. A bangon kudu, daga ƙasa zuwa ƙugu, kusan ko'ina amon rami ne.

Na uku shi ne awon tudu da kwari. Na cika dogon tiyo mai haske da ruwa, yaro ya riƙe baki ɗaya a lungu, ni na riƙe ɗayan a ɗakin baƙi, tunda ruwan da ke bakin biyu a tsayi ɗaya yake tsayawa. Lungu ya fi daɓen ɗakin tudu da santimita 22. A ƙa'idar ginin zamani, shimfiɗar da ake sawa a gindin bango don tare danshi ana son ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Namu bangon ba shi da wannan shimfiɗa ko kaɗan, kuma ƙasar waje ce ma ta hau kansa. Da na faɗa wa Inna sakamakon ba ta yi mamaki ba, ta ce lokacin da aka kawo ta gidan nan amarya, matakala biyu ake hawa kafin a shiga zaure, yanzu kuwa sauka ake yi.

29 ga Satumba, 2024

Na samu wani dattijon magini da ya gaji sana'ar, wanda ya yi aikin tubali tun kafin bulo ya cika gari. Ya zagaya gidan a hankali bai ce komai ba, sannan ya karɓi guduma da kurfi ya fasa filasta a gindin bangon kudu, faɗin tafin hannu biyu. Simintin ya faɗo ɓallo guda. Ƙasar da ke bayansa ta yi duhu, tana da sanyi, kuma da ya damƙe ta a hannu sai ta dunƙule ta riƙe shatin yatsunsa. Ya zura hannu cikin ramin har wuyan hannu kafin ya taɓa ƙasa mai tauri, ya fito da ita haɗe da hanyoyin gara.

Ya ce mini, “Ɗana, bangon ga daga ƙirji zuwa sama lafiyarsa lau, gindin ne ya sha wuya.”

Na ce, “Baba, ke nan sai rushewa?”

Ya ce, “A'a, wanda ya gina shi ya san aikinsa. A cire masa simintin nan, a raba shi da ruwa, sannan mu ga abin da ya rage.”

Bayanin da ya yi mini ya dace da abin da na sani. Bangon ƙasa yana jan ruwa daga gindinsa kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir, kuma wannan ba sabon abu ba ne, tun ranar da aka gina shi yake yi. Abin da ke ceton sa shi ne yaɓen ƙasa yana barin ruwan ya fita ta fuskar bango, rana da iska su kwashe shi tun bai hau sama ba. Siminti kuwa ya toshe wannan mafita. Bugu da ƙari, siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare idan zafi da sanyi suka sauya, saboda haka filastar takan tsage ta rabu da bango, ruwan sama ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Daga nan sai danshin ya ƙara hawa, ya kuma juya ya fito ta cikin ɗaki. Ƙasa jiƙaƙƙiya ba ta ɗaukar nauyi, shi ya sa gidajen ƙasa da ke faɗuwa a tsakiyar damina yawanci daga gindi suke zaunewa, wani lokaci filastarsu tana nan sumul har ranar da abin zai faru.

Bai yarda a taɓa komai ba sai ruwa ya ɗauke. Abin da muka yi yau shi ne tokare rufin ɗakin baƙi da katako daga ciki, da hana kowa kwana a cikinsa, da haƙa ɗan rami na wucin gadi a lungu domin ruwa ya daina kwanciya a jikin bango.

20 ga Oktoba, 2024

Ruwa ya ɗauke, kuma layukan gawayin sun fara amfani. Tabon bangon gabas ya ja baya daga layinsa da kusan rabi, wanda ya tabbatar da cewa ruwan sama ne ta indararo da tsagogi. Na kudu bai motsa ba. Na arewa ma yana nan yadda yake, har ma jiƙarsa ta fi yawa da safe bayan an yi wanka, don haka zargina ya koma kan makewayi.

Ɗan yayata da ke karatun gini a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ya zo da wata na'ura mai allura biyu ta auna danshi. Duk inda ya soka ta a bangon kudu lambar sai ta haura, har a wuraren da hannu ke jin a bushe suke. Shi da kansa ya yi mini bayanin cewa wutar lantarki ce na'urar take aunawa tsakanin allurorin, asali kuma don katako aka yi ta, gishiri kuma yana ruɗa ta domin yana taimaka wa wuta wucewa. Sai muka koma ga awon da ba ya ruɗuwa. Muka ɗebo ƙasa daga cikin bango a tsayi daban-daban, muka auna gram 100 na kowace a ƙaramin sikeli, muka gasa ta a kasko a kan wuta marar ƙarfi har nauyinta ya daina raguwa. Ta gindin bangon kudu ta dawo gram 87, ta daidai ƙugu 93, ta sama da kai kuwa 97. Ruwan daga ƙasa yake tasowa, yana raguwa yayin da ake hawa.

Farin garin nan gishiri ne da ruwa ya narkar daga ƙasa ya haura da shi, inda ruwan ya bushe sai ya bar shi a nan, kuma yayin da yake daskarewa a cikin ƙananan kafofin bango yana marmashe shi. Na daɗe ina ganin awakin unguwa suna tsayawa suna lasar gindin wannan bango, har sun yi masa santsi a wuri ɗaya. Inna ta ce a zamanin kakanmu turken jaki da na tumaki a jikin wannan bango suke daga ciki, kuma fitsarin dabbobi na shekaru masu yawa gishiri yake bari a ƙasa. Wannan yana da muhimmanci ga abin da za mu sa rai da shi, domin irin wannan gishiri yana jan danshi daga iska, saboda haka ko an yanke hanyar ruwa bangon zai iya yin duhu da damina har sai an fitar da gishirin.

10 ga Nuwamba, 2024

Kafin a sa guduma na je na sanar da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda yana cikin waɗanda suka kashe kuɗinsu aka yi filastar. Bai ji daɗi ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce, “Yaro, a dā gidan nan cike yake da samari, kowace kaka a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe. Yau kowa ya watse. Idan ka cire simintin, wa zai riƙa yi?” Na ce, “Baffa, gaskiyarka ce, amma ina roƙon ka zo ka sa hannunka a ramin da magini ya buɗe.” Ya zo, ya sa hannu, ya daɗe a tsugunne. Muka daidaita a kan cewa za a cire siminti daga ƙasa zuwa mita 1.2 a bangon kudu, da duk inda ya rabu da ƙasa a bangon gabas, a bar na sama mai lafiya tukuna, ni kuma na ɗauki nauyin yaɓen gindi duk lokacin da ya buƙata.

An fara cirewa a makon nan, gaɓa gaɓa, ba a buɗe fiye da mita ɗaya a lokaci guda, domin a wasu wuraren filastar ce kaɗai ke riƙe da ruɓaɓɓiyar ƙasa. Mafi munin wuri shi ne kusurwar zaure, inda ramin ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango.

1 ga Disamba, 2024

Bangon arewa ya fi sauƙin ganewa. Muka haƙa ɗan rami a gindinsa daga cikin ɗaki, na narka shuni a bokiti na zuba a magudanar makewayi, ba a jima ba ƙasar ramin ta yi shuɗi. Da aka tone sai aka tarar bututun roba ya tsage a gwiwarsa, daidai inda ya ratsa ƙarƙashin bango. Daɓen makewayin ma gangarensa wajen bango ya nufa, don haka ruwan wanka da na alwala duk can suke taruwa.

An sauya bututun, an zura shi cikin wani mafi faɗi a inda ya ratsa bango domin ko ya sake tsagewa ruwan ya fito fili. An sake daɓen da siminti, gangarensa ya bar bango. Birkila ya kuma tayar da siririn bango na bulo a cikin makewayi, ya bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bangon ƙasa, a buɗe ta sama. A nan siminti ya dace, domin wuri ne da ruwa ke zuba kullum. Randunan ruwa ma an janye su daga jikin bango an ɗora su a kan duwatsu.

12 ga Janairu, 2025

Hunturu yana yi mana aiki kyauta. Bangon kudu a buɗe yake tun Nuwamba, kalar ƙasar ta koma ja mai haske, amma gishiri yana ta fitowa, duk safiya sai ka ga farin gashi-gashi a fuskarsa. Ana share shi da busasshiyar tsintsiya a kan buhu a kai shi nesa. Na hana a wanke da ruwa, domin wankewa narkar da shi take yi ta mayar da shi cikin bango.

Baba magini ya sa an yi wani yaɓe na laka zalla mai kaurin yatsa biyu, wanda ba don ya zauna aka yi shi ba. Yayin da bangon ke bushewa ta cikinsa, gishirin yana taruwa a wannan yaɓe, bayan makonni a kankare shi a zubar a sake wani. An kankare na farko jiya, bayansa fari fat.

16 ga Fabrairu, 2025

Yanzu ake cike gindin. Zaɓen ƙasa ya ɗauki lokaci fiye da aikin kansa. Ƙasar da aka kankaro daga bango ba a mayar da ita ba saboda gishirin da ke cikinta. Lakar fadama tana kusa kuma tana da arha, amma baƙar laka ce mai kumbura idan ta jiƙe, mai tsagewa idan ta bushe. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa aka kawo daga tudu, Baba magini ya haɗa ta da yashi a ma'auni daban-daban, ya yaɓa kowane haɗi a jikin katanga faɗin faranti, ya bar su suka bushe. Wanda laka ta yi wa yawa ya tsattsage, wanda yashi ya yi wa yawa yana zuba idan an goga da yatsa, na tsakiya shi aka ɗauka. An zuba masa daddatsattsen karan shinkafa, abin da ba ya wuya a Argungu bayan girbi, aka tattake da ƙafa, aka rufe shi ya kwana uku ana yayyafa ruwa kafin a yi tubali.

Wajen cikewa, ana kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a isa mai tauri, a gyara ramin ya zama mai lebur a ƙasa da sama domin sabon tubali ya ɗauki nauyi, ba liƙe shi kawai za a yi ba. Ana yin santimita 60, a tsallake 60, sai na farko ya bushe a dawo kan wanda aka tsallake. Layin farko na ƙasa duwatsun marmara ne. A layin ƙarshe na sama ana cusa ƙasa mai ɗan tauri da sanda har ta matse, domin idan aka bar rata a nan bangon zai zauna ya tsage.

An ba ni shawarar a zura leda a gindin bango, ko a huda shi a ɗura maganin tare danshi da ake yi wa gidajen jan bulo a ƙasashen Turai. Ban karɓa ba. Zura leda yana nufin yanka bango mai kaurin santimita 60 daga fuska zuwa fuska, maganin ɗurawa kuma don bango mai layukan gini madaidaita aka yi shi, tubali kuwa ba haka yake jeruwa ba. A ganina rage ruwan da ke isa gindin da buɗe masa hanyar bushewa ya fi dacewa da wannan gini.

9 ga Maris, 2025

Azumi ya kama, aiki ya koma daga bayan asuba zuwa hantsi. Batun lungu ne a gabanmu, kuma wannan ba aikin gida ɗaya ba ne. Na kai maganar wurin mai unguwa, ya tara masu gidajen lungun. Wani maƙwabci ya nuna damuwar cewa idan muka sauke ƙasa a gefenmu ruwan zai koma ƙofarsa, kuma yana da gaskiya. Sai aka ɗauko tiyon awo aka bi lungun daga ciki har bakin babbar kwata, kowa ya ga da idonsa cewa akwai gangaren da zai ishi ruwa idan aka yi lambatu a tsakiya. An yarda kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa.

An gina lambatun da bulo da siminti, mita ɗaya daga bangonmu. An kwashe ƙasar da ta hau gindin bango har ta sauka ƙasa da daɓen ɗaki, aka daɓe wurin da jar ƙasa da tsakuwa, da gangaren kusan santimita 5 a kowace mita zuwa lambatu. An gyara wuriya aka sa mata bututu ya kai ruwan tsakar gida har cikin lambatu. Na ƙi yarda a gina dakalin siminti a jikin bango duk da masu zaman hira sun so haka, domin zai sake rufe gindin da muka sha wahalar buɗewa.

27 ga Afrilu, 2025

An gama yaɓe. Shafi biyu na ƙasa aka yi, sannan na ƙarshe da makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake dakawa a jiƙa har ruwan ya yi ja-ja, a kwaɓa ƙasa da shi. Yana sa yaɓe ya yi tauri ya jure dukan ruwa ba tare da ya toshe bango ba, amma ba na har abada ba ne, sai an riƙa sabunta shi. Na so a sami laso, wato yaɓen gargajiya mai hana ruwa, don rawanin soro, irin wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, amma ba mu sami katsi isasshe ba, sai aka yi da makuba mai kauri.

Inda sabon yaɓe ya haɗu da tsohon simintin sama, an yanke bakin simintin a karkace, yaɓen kuma ya shige ƙarƙashinsa, domin ruwan da ke gangarowa ya ɗiga waje. An cike tsagogin bangon gabas. Sabon indararo ya fito santimita 70 daga bango, an like gindinsa da kwalta, an kuma jera duwatsu inda ruwansa zai faɗi. Kafinta ya ƙara wa kwanon ɗakin baƙi baki na rabin mita.

15 ga Yuni, 2025

An yi ruwa mai ƙarfi sau da dama tun bayan Babbar Sallah. Indararo yana jefa ruwa nesa da bango, ɗakin Inna a bushe yake, kuma lungu yana tsanewa cikin ɗan lokaci bayan ruwa ya tsaya. Bangon arewa ya bushe tun watan Maris, an kankare fumfunar an shafa farar ƙasa. A cikin ɗakuna duka farar ƙasa muka shafa, ba fentin mai ba.

Bangon kudu ya ɗan yi duhu a wurare biyu kusa da tsohon turke. Na ɗebo ƙasa daga ciki na gasa, gram 100 ya dawo 95, saboda haka ina kyautata zaton ragowar gishiri ne ke jan danshin iska. Wannan awo na farkon damina ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa bai taso ba tukuna, don haka ba zan cire katakon da ke tokare da rufin ɗakin baƙi ba sai na sake aunawa a ƙarshen Agusta, lokacin da gulbi ya cika fadama ta sha ruwa. Maganar sauran simintin sama kuma mun ajiye ta ni da Baffa sai Oktoba.

Wani sabon abu ya ɓullo a makon nan. A bangon yamma, wanda muka haɗa da maƙwabta, an ga ɗan tabo a ɗakin ajiya, kusan santimita 40 daga ƙasa, wurin da bara babu komai. Daga ɓangarenmu babu bututu ko magudana a wajen. Gobe in Allah ya kai mu zan je in gaida mai gidan, in nemi izinin shiga da Baba magini mu duba abin da ke jikin bangon ta wancan gefe.